Baba yana shan haɗin ciwon gwiwa, bayan gidansa ya koma baƙi

Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 67, muna zaune a Unguwar Rogo, Jos. Ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa, musamman idan sanyi ya shigo. Wajen wata biyar ke nan wani mai kemis yake haɗa masa magani, ƙwaya huɗu a leda, yana sha safe da dare, kuma yana jin daɗinsa. Ranar da ciwon ya matsa masa yakan ƙara da Alabukun, ko a yi masa allura. Yana kuma shan maganin hawan jini da Vasoprin da aka ɗora shi a kai a asibiti. Kwanan nan ya fara ƙwannafi da ɗan zafi a ƙahon zuciya. Jiya da shekaranjiya bayan gidansa ya fito baƙi wuluk mai wari, kuma jiri yana ɗibarsa idan ya miƙe. Shi ya ce basir ne. Muna ba shi madara da Gestid. Wane abinci ko maganin olsa za mu ƙara masa? Daga Maman Hanifa.

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri da wannan kula.

A ajiye maganar abinci tukuna. A kai Baba asibiti yau, sashen gaggawa, ko da dare ne kika karanta wannan amsa. Baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, ga wanda yake shan maganin kashe zafi, jini ne da ya zuba a tumbi ko farkon hanji, ruwan narkar da abinci ya dafa shi kafin ya fito. Jinin basir ja ne, sabo, ana ganinsa a saman bayan gida ko wajen tsarki. Jirin da yake ji idan ya miƙe yana nuna jinin da ya tafi ya fara yawa. Ku nufi babban asibitin da ke da wurin ƙarin jini, kamar asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano. Kada ya tuƙa mota, kada ya hau babur, kuma kada a sake ba shi ko ƙwaya ɗaya daga ledar nan, ko Alabukun, ko allurar. Vasoprin da maganin hawan jinin ma a dakata har likita ya gan shi yau ɗin, domin mai zubar jini jininsa sauka yake yi, maganin zai ƙara kayar da shi. Idan ya fara amai da jini, ko amai mai duhu mai tsaki-tsaki, ko gumi mai sanyi ya karyo masa, a kwantar da shi ta gefe a cikin motar, kada a ba shi komai ta baki.

Ki kwashi duk magungunan da ke ɗakinsa ki tafi da su, har da ledar haɗin da ta rage. In da hali wani ya biya ta kemis ɗin ya sa a rubuta sunan kowace ƙwaya da ƙarfinta a takarda. Ga dalilin da ya sa na damu da wannan. Haɗin ciwon jiki da ake yi a leda yawanci yakan ƙunshi diclofenac, da kafson piroxicam wanda aka fi sani da Felvin ko Feldene, wani lokaci da ibuprofen ko indomethacin, sai wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya, prednisolone ko dexamethasone. Na farkon duk dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya. Ita kuwa 'yar farar ƙwayar wani dangi ce daban, kuma wanda ya sha ta kullum fiye da mako uku jikinsa yakan rage yin irinta da kansa. Idan aka yanke ta farat ɗaya bayan wata biyar, jini na iya faɗuwa ƙwarai, ga shi dama yana zubar da jini. Likita yana bukatar ya sani domin ya ba shi madadinta a asibiti, ya riƙa rage ta sannu a hankali.

Yanzu ga yadda maganin gwiwa ya kai ga ciki. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsami ƙwarai, wanda yake iya narkar da nama, alhali shi kansa tumbin nama ne. Abin da ke kare shi wani yauƙi ne mai kauri da ya lulluɓe bangonsa, da wani ruwa mai kashe tsami da ke ƙarƙashin yauƙin, da jini mai yawa da ke zagayawa yana gyara duk inda ya ɗan kuje. Duka ukun nan wani sinadari ne da jiki yake yi, mai suna prostaglandin, yake tafiyar da su. To shi wannan sinadarin ne kuma yake kawo kumburi da zogi a gwiwar da ta lalace. Maganin yana toshe hanyar yin sa, gwiwa ta huta, amma bai san gwiwa daban tumbi daban ba, ko'ina yake toshewa. Ɗakin ƙasa ne aka kankare wa yaɓe ana tsakiyar damina: ruwan bai ƙaru ba, amma bango zai fara zaizayewa. Masanin Ingila John Vane ne ya gano cewa maganin yana toshe hanyar yin sinadarin nan a 1971, kuma da shi ya samu kyautar Nobel a 1982, don haka ba sabon ilimi ba ne.

Daga nan za ki gane abin da mutane da yawa suke kuskurewa. Tunda ta cikin jini ɓarnar take isa tumbi, allurar diclofenac ba ta tsare ciki ba, haka wanda ake cusawa ta dubura. Mai ganin ya koma allura don cikinsa ya huta, hanya kawai ya sauya. Ƙwaya mai rufi da aka ce sai ta wuce tumbi take narkewa, ita ma tana rage zafin da ake ji nan take, gyambon ciki kuwa, wato olsa, yana nan yana iya fitowa. Shan magani bayan an ci abinci yana da kyau, yana rage tashin zuciya da ƙwannafi, amma tuwo ba ya mayar da yauƙin da maganin ya hana fitowa.

Ga kuma abu na biyu. Waɗannan magunguna suna rage ƙarfin ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Asfirin ya fi kowa, domin duk ƙwayar jinin da ya taɓa ba ta sake aiki har ta mutu, kwana 7 zuwa 10. Vasoprin asfirin ne, miligiram 75. Alabukun ma asfirin ne, miligiram 760 a ƙunshi ɗaya, haɗe da sinadarin da ke cikin kofi da goro. Wato ƙunshi ɗaya ya kai Vasoprin goma. Mutane suna ɗaukarsa kamar ba magani ba saboda gari ne a takarda kuma ana samunsa a kowane tebur. Sai ya zama ga gyambo ya buɗe, ga jinin ya ƙi tsayawa.

Kin ce zafin da yake ji ɗan kaɗan ne. Kada wannan ya kwantar miki da hankali. Gyambon da maganin kashe zafi ya haifar sau da yawa shiru yake, musamman ga tsofaffi, tunda maganin da ya jawo shi shi ne kuma yake danne zoginsa. Akwai masu fama da ƙwannafi kullum a leƙa cikinsu ba a ga gyambo ba, akwai kuma waɗanda ba su taɓa cewa wayyo ba sai ranar da jini ya ɓalle, ko tumbin ya huje. Alamar hujewa ciwo ne mai tsanani da ke zuwa lokaci ɗaya, ciki ya sandare ya yi tauri, mutum ya kasa motsi ko numfashi mai zurfi. Wannan aikin tiyata ne cikin awoyi, babu jiƙo ko ƙwayar da za ta tare shi.

A kan Baba abubuwan haɗari sun taru da yawa: ya haura 65, yana shan dangin maganin nan biyu ko uku lokaci ɗaya, ga asfirin, ga mai yiwuwa 'yar farar ƙwayar nan, ga tsawon wata biyar babu hutu. Haɗa biyu daga dangi ɗaya ba ya ninka sauƙi, ɓarnar ce kawai take ninkuwa. Su kansu magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen cin ciki. Ibuprofen a ƙaramin awo shi ya fi sauƙi, rabinsa yana barin jini cikin kamar awa 2. Piroxicam kuwa sai ya yi wajen awa 50 kafin rabinsa ya fita, shi ya sa iyakarsa miligiram 20 sau ɗaya a yini. Wanda yake shan sa safe da dare tara shi yake yi a jiki, na jiya bai fita ba na yau ya hau kai, tumbi ba ya samun ko awa ɗaya da zai gyara kansa. Saboda irin wannan ne hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi tun 2007. Diclofenac iyakarsa miligiram 150 a yini, kuma allura ɗaya 75 ce, sai ki lissafa abin da yake shiga jikin Baba ranar da aka haɗa masa ƙwaya da allura. Ban ga dalilin da zai sa a sayar wa dattijo mai hawan jini irin wannan haɗi wata da watanni ba tare da an tambaye shi me yake sha ba. Ƙwayar da aka ɓare daga kwalinta aka zuba a leda, babu suna babu ranar lalacewa, bai kamata ta shiga bakin kowa ba.

Abin da za ki tarar a asibiti: za su auna bugun zuciya da ƙarfin jini, su sa masa ƙarin ruwa, su ɗibi jini a duba yawansa da rukuninsa da lafiyar ƙoda. Awon yawan jini, wato PCV, na namiji lafiyayye yana tsakanin 40 da 50, idan ya sauka wajen 21, ko sama da haka kaɗan ga mai ciwon zuciya, akan yi ƙarin jini. Ki tafi da 'yan'uwa maza biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya bayarwa, yana rage ɓata lokaci sosai. Za a ba shi omeprazole, maganin da ke rage tsamin tumbi, ko ɗan'uwansa ta jijiya. Sannan a shirya leƙa cikin da na'ura, wato endoskofi: siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki bayan an fesa maganin kashe maƙogwaro. Minti kaɗan ne, kuma an fi so a yi shi cikin awa 24. Ana bukatar ciki babu abinci kamar awa 6, don haka kada a tausaya masa a ba shi kunu a ɓoye. Da na'urar ake ganin inda jinin yake fita, wani lokaci a tsayar da shi nan take. Hoton sikanin da ake shafa mai a ciki ba ya nuna gyambo, kada ku kashe kuɗi a kansa da kanku kuna neman olsa.

Ki gaya musu a duba ƙodarsa da kyau. Sinadarin prostaglandin da na ambata shi ne kuma yake buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Idan maganin hawan jininsa irin su lisinopril ko losartan ne, haɗe da mai sa fitsari, to haɗuwarsu da diclofenac tana wahalar da ƙoda ƙwarai, kuma tana sa hawan jinin ya ƙi sauka. Abin ya fi muni ga mai azumin Litinin da Alhamis da yake haɗiyar ƙwayoyin da sahur ya yini babu ruwa. Baba ya ajiye azumin nafila har likita ya sallame shi.

Bayan an sallame shi, gyambon yana bukatar omeprazole na mako 8. Yadda ake shan sa yana da muhimmanci: minti 30 zuwa awa 1 kafin karin kumallo, a haɗiye kafson ɗungurungum ba a tauna ba. Wanda ya sha shi bayan ya ƙoshi ya rage masa ƙarfi. Kada a tsaya don zafi ya tafi a mako na biyu, zafi yana riga gyambo warkewa. Idan a tumbi aka ga gyambon, likita zai so ya sake leƙawa bayan mako 6 zuwa 8 ya tabbatar ya rufe, domin a shekarun Baba wani gyambon yakan ɓoye ciwon daji. Za a kuma nemi wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda ta yi yawa a tsakanin mutanenmu, kuma idan ta haɗu da maganin kashe zafi haɗarin gyambo yana ƙaruwa sosai. Gwajin bayan gida ko na numfashi ya fi na jini, saboda na jini yana ci gaba da nunawa ko bayan cutar ta mutu. Amma omeprazole yana ɓoye ta, sai an yi mako 2 ba a sha shi ba, da mako 4 babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin gwajin ya faɗi gaskiya. Likita ne zai tsara lokacin. Idan an same ta, maganinta na kwana 14 ne, ƙwayoyi uku ko huɗu tare, a shanye duka ko da baki ya yi ɗaci.

Za a iya ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe na wasu watanni. Shi ma yana baƙanta bayan gida, sai dai nasa baƙi ne mai ɗan kore-kore, ba ya danƙo, ba shi da wancan warin. Idan danƙon da warin suka dawo, ko jiri, a koma asibiti.

Game da Vasoprin, kada ku yanke hukunci a gida, ko na dainawa ko na ci gaba. Idan Baba ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, likita zai so ya mayar da shi bayan 'yan kwanaki, haɗe da omeprazole kullum. Idan kuwa don hawan jini kawai aka ba shi a matsayin rigakafi, mai yiwuwa a cire shi gaba ɗaya.

Madara da Gestid da kuke ba shi suna sanyaya ƙwannafi na ɗan lokaci, ba sa warkar da gyambo, ba sa tsayar da jini. Madara ma bayan ta lafar da zafin takan sa tumbi ya ƙara fitar da tsami. Kanwa da ake jiƙawa a sha don ƙwannafi gishirinta ya yi wa mai hawan jini yawa. Abinci kuwa babu wata doguwar doka: ya ci abin da ya saba, kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar, ya bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Yaji da yunwa ba su suke haifar da olsa ba, suna dai tayar da zafinta, to duk abin da ya ga yana tayar masa ya rage. Taba sigari ita ce take hana gyambo rufewa, in yana sha ya bari. Goro da shayi mai kauri a sassauta.

Saura gwiwar, domin idan ba a sama mata mafita ba, sanyin Disamba yana shigowa Baba zai koma kemis, kuma ba za a ga laifinsa ba. Farasitamol ba ya cin ciki. Babba lafiyayye iyakarsa giram 4 a yini, amma ga dattijo gara ƙwaya biyu masu miligiram 500 sau uku, kuma a tuna akwai shi a cikin maganin mura irin su Procold, kada a haɗa a wuce iyaka. Ibucap kuwa a guje shi, akwai ibuprofen a ciki. Man shafawa na diclofenac kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini, kuma yana aiki a gwiwa tunda gaɓar tana kusa da fata: giram 2 zuwa 4, sau uku ko huɗu a yini, ba a kan rauni ba. Ga wanda ya riga ya zubar da jini, a jira izinin likita ko a kan man. A nemi a tura shi sashen gashin ƙashi. Motsin da ya fi amfani mai sauƙi ne: ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa sambal, ya riƙe ya ƙirga goma, ya sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Naman cinya idan ya yi ƙarfi yana ɗauke wa gwiwa nauyi, amma sai an yi makonni kafin a ga bambanci. Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gefen gwiwar mai ciwo ba. Gashi da tawul da ruwan ɗumi da asuba, dogon wando mai kauri, kujerar bayan gida maimakon tsuguno, da yin salla a zaune ranar da durƙuso ya gagara, wanda addini ya yi rangwame a kai. Idan duk wannan bai isa ba, likitan ƙashi yana iya yin allura a cikin gaɓar kanta. Tramadol ba mafita ba ce da za a saya a kan tebur, yana sa tsoho jiri da faɗuwa, ga sabo.

Idan wata rana likita ya ga dole sai an koma wa dangin maganin nan, akan zaɓi celecoxib, mafi ƙarancin awo, na kwanaki ƙidayayyu, tare da omeprazole. Ya fi sauƙi ga tumbi, amma bai bar ƙoda da zuciya da hawan jini ba, kuma shan asfirin tare da shi yana rage wannan sauƙin. Omeprazole ɗin ma tumbi da farkon hanji kawai yake karewa. Can cikin ƙaramin hanji maganin yana iya kuje bango, jini ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan ba a gani, sai dai a ga mutum yana fari yana haki, ko gudawa ta ƙi tsayawa. Shi ya sa duk mai shan su na dogon lokaci ake auna jininsa da ƙodarsa lokaci-lokaci.

Ke ma, Maman Hanifa, da sauran matan gidan: Felvin da ake sha don ciwon mara shi ne piroxicam ɗin nan. Mace mai lafiya wadda ba ta da olsa, ibuprofen miligiram 400 sau uku a yini bayan abinci, na kwana biyu ko uku, ya wadatar, kada a wuce 1,200 a yini kuma kada a haɗa shi da wani ɗan'uwansa. Mai juna biyu ta nisanci dangin duka, musamman daga mako na 20, sai da umarnin likita. Arthrotec kuwa akwai misoprostol a cikinsa, yana zubar da ciki, kada mai ciki ko mai neman haihuwa ta taɓa shi. Idan an sallami Baba, ki sa a rubuta a katinsa cewa ya taɓa zubar da jini ta ciki saboda maganin kashe zafi, ki kwafe a wata takarda ya riƙa ajiyewa a aljihu, ya nuna wa duk wanda zai rubuta masa magani ko ya yi masa allura, har da mai cire haƙori.